Gadar sama ko matse titi: wanne ke ceton mai tafiya a ƙafa?

Alhaji: Ni ina nan kan bakana. Duk mahaɗar da ake yawan kaɗe mutane, a gina gadar sama, a ja waya a tsakiyar titi. Mota ta bi ƙasa, mutum ya bi sama, shi ke nan.

Injiniya: Ranka ya daɗe, gadar nan don kada mota ta tsaya ake gina ta. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, mai juna biyu, mai keken guragu, wa zai haura da su? Ƙasa za su bi, inda direba ya riga ya saki jiki yana sharara gudu. Gudun kuwa shi ne ajalin, shi ya sa nake cewa a matse titi don direba ya rage gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga gudun kilomita 50 zuwa 65 a awa, haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkuwa sau 4.5.

Baba Direba: To ku hukunta masu ganganci mana. Me ya kawo fasa titi?

Injiniya: Baba, ɗan sanda yana tashi daga aiki, kankare ba ya tashi. In aka matse kwana, dole ka taka birki ko ba kowa. In aka sa tsibiri a tsakiya, mutum ya tsallaka rabi, ya tsaya, ya ƙarasa. Hoboken ta Amurka ta hana ajiye mota daf da kwana domin direba da mai tsallakawa su hango juna, ta kafa sanduna a wurin. Daga farkon 2017 ta shafe shekaru ba a mutu a titinta ba.

Hajiya: Ɗan ƙaramin gari ne fa, Injiniya, kada ka cika baki.

Injiniya: Haka ne, Hajiya. To ga Oslo, babban birnin Norway: a 2019 ba mai ƙafa ko mai keke da ya rasu a hatsarin titi.

Baba Direba: Cunkoson fa? Mu ne za mu kwana a layi.

Hajiya: Nan kam ban bi ka ba, Baba. Ko danja kawai aka gyara, ta ba masu ƙafa 'yan daƙiƙoƙi su fara tsallakawa kafin ta saki motoci masu kwana, wane layi ne zai taru?

Alhaji: A cikin gari na ji. Amma babbar hanyar da tireloli ke bi, wadda ta ratsa unguwa, Injiniya sai ka zo ka matse ta mu gani.

Injiniya: Can gada tana da wuri, Alhaji, amma da gangara, ba matakala kaɗai ba.