Me za mu kira "nonprofit" da Hausa?

1/ Jama'a, a taya ni neman kalma. A Amurka, kusan mutum 1 cikin kowane ma'aikata 10 da ba na gwamnati ba, a wata "nonprofit" yake karɓar albashi, wato irin asibitoci da jami'o'in da ba don azurta masu su aka kafa su ba. In za a faɗi wannan a labaran rediyo, me za a ce wanda mai saurare zai gane nan take?

2/ Wadda kunne ya saba da ita ita ce "ƙungiyoyi masu zaman kansu". Ba ta yi ba, don bankuna da kamfanonin siminti ma masu zaman kansu ne. "Ƙungiyoyin sa-kai" kuma, ka faɗa a Zamfara ko Katsina yau, sai a hango mai bindigar toka a bakin gari. Ga shi mutanen da muke magana a kansu ba sa-kai suke yi ba, wata ya ƙare a biya su. In ka ce "agaji", hankali ya tafi kan fararen motoci da buhunan abinci a Maiduguri.

3/ Ku dubi birnin Pittsburgh na jihar Pennsylvania, ku ga girman abin da muke nema wa suna. Da can garin ƙarfe ne. Masana'antun suka durƙushe a shekarun 1980, asibitoci da jami'o'i suka karɓi ragamar garin. Cibiyar asibitoci ta UPMC tana da asibitoci wajen 40 da ma'aikata kimanin 100,000, kuma in aka cire gwamnati babu mai ɗaukar aiki kamarta a duk jihar. A 2023 kuɗin da ya shigo mata ya kusa dala biliyan 28. Bene mafi tsawo a birnin, mai hawa 64, kamfanin ƙarfe na US Steel ne ya gina shi, amma yanzu sunan UPMC ne a ƙololuwarsa. Wannan ce za mu kira ƙungiyar agaji? Haba.

Da yake irin waɗannan cibiyoyi ba sa biyan harajin filaye da gine-gine, a 2013 hukumar birnin ta kai UPMC kotu tana neman a janye mata wannan rangwame. Shekara na zagayowa sabon magajin gari ya janye ƙarar.

4/ Saboda haka "marasa riba" ma kuskure ce, kodayake ita ta fi saurin zuwa baki. Suna karɓar kuɗin magani da na makaranta, rara tana saura. Abin da doka ta hana shi ne a raba rarar. Babu mai hannun jari da zai zo ƙarshen shekara ya ce a ba shi kasonsa. Kuɗin komawa yake cikin aikin.

5/ Wani malami ya kawo shawarar a ce "wakafi", Allah ya ƙara masa sani. Ta yi kusa ƙwarai. Sai dai wakafi dukiya ce da aka tsayar ana cin amfaninta, don haka ta fi dacewa da asusun dukiyar da aka tsayar wa jami'ar Harvard ta Amurka, wanda ya haura dala biliyan 50. A ganina mu bar mata wannan gurbin.

6/ Tawa ita ce "cibiyoyi marasa rabon riba". Na ce cibiya ne don asibiti da jami'a da gidan tarihi ba ƙungiyoyi ba ne. In ana nufin su duka a dunƙule, sai a ce "ɓangaren marasa rabon riba".

Ku gwada ta a baki: "A Pittsburgh, cibiyoyi marasa rabon riba ne ke kan gaba wajen ɗaukar ma'aikata, amma ba sa biyan harajin filayensu."

Ta ɗan yi wa kanun labari tsawo, wannan kam gaskiya ne. Wanda ke da gajeriya ya kawo, amma kada ta yar da maganar rabon.