Na biya kuɗin otal na kwana uku, sun ƙi mayar min da na kwana biyu, ya zan yi?

Salamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema. Daga Gombe na shigo Kano sarin atamfa da shadda a Kantin Kwari, sai na kama ɗaki a wani ƙaramin otal a Sabon Gari saboda arha kuma ba nisa, adaidaita ɗaya za ka hau ka isa kasuwa. Kuskurena shi ne na tura musu kuɗin kwana uku gaba ɗaya ban ko leƙa ɗakin ba, gajiyar mota ce ta ja min.

Daren farko wallahi ban runtsa ba. Famfo ba ruwa sai bokiti ɗaya da yaron otal ya kawo, aka ɗauke wuta, janareta kuma sha biyu na yi suka kashe, fanka ta tsaya, ga cizo ta ko'ina, da na haska fitilar waya sai ga kuɗin cizo jere a ɗinkin katifa kamar tururuwa. Ana sallar asuba na tattara na koma wajen wani abokina a Fagge.

Yanzu kuɗin kwana biyun da ban kwana ba nake so, yarinyar da ke kanta ta ce sai manaja, shi kuma kullum wai ya fita, sau uku ina zuwa. Ko rasit ba su ba ni ba, alat ɗin banki kawai gare ni sai hoton katifar.

To 'yan uwa banki na iya dawo da kuɗin da ni da kaina na tura? Ko wajen 'yan sanda zan je, ko akwai inda ake kai ƙarar masu otal a Kano? Jibi zan koma gida, kayana ma an riga an ɗaure.