Fayafayan marigayi Baba: dillali ya matsa, ni kuma ban ga kunnen ba

Autan Malam: Salamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Mahaifinmu ya rasu bara da azumi. Ya yi karatu a Ingila, ya dawo a 1968, ya yi aikin jirgin ƙasa a Zariya har ya yi ritaya. Tun muna yara akwai wata adakar ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa da ko Inna ba ta taɓawa. Ranar Lahadi bayan la'asar sai ya zaro faifai ɗaya, ya hure ƙura, ya ɗora a garmaho, ya lumshe ido. Mu kuwa muna laɓe bayan labule muna dariyar busar da muke kira kukan agwagwa. Bayan sadakar arba'in Yaya ya so a ba 'yan gwangwani adakar, ni na hana, har muka yi sati biyu ba ma ga-maciji, amma wannan wani zance ne. Fayafayai 63 ne a ciki, yawanci kiɗan jaz, tara na kamfanin Blue Note na Amurka. Gara ta ci kwalin wasu. A cikin na Blue Note akwai na makaɗin ganga Art Blakey mai lamba 4003, takardar tsakiyarsa an rubuta adireshin kamfanin, 47 West 63rd. Wani dillali daga Legas ya ga hoto, ya taya duka naira dubu 400, ya ce wannan ɗin ba bugun farko ba ne tunda ba shi da kunne. Wane kunne kuma? Ya ba ni zuwa Juma'a. Cutata zai yi ko gaskiya ya faɗa?

Kawu Injiniya: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam. Ɗana, zauna ka ji, shekara talatin ina wannan harka. Kunne wani ɗan tambari ne a filin da babu kiɗa, tsakanin ƙarshen layukan faifai da takardar tsakiya. Harafin P ne a murɗe, na masana'antar Plastylite da ke New Jersey, ita ta riƙa buga wa Blue Note fayafayai har 1966. Adireshi kaɗai ba hujja ba ne. Jerin abin da ake rubutawa a takardar shi ne: 767 Lexington da farko, 47 West 63rd daga 1957, New York USA daga wajen 1962, sai Division of Liberty bayan an sayar wa kamfanin Liberty da Blue Note. To amma ba sa zubar da ragowar takardu. Sai ka ga faifan da aka buga a 1966 sanye da rigar 1959. Naka ya fito a farkon 1959. Na asali dole ya haɗa uku: kunne, haruffan RVG a wannan filin, na Rudy Van Gelder wanda ya ɗauki sautin, da zobe mai zurfi a ƙarƙashin takarda, gaba da baya. Ka haska fitilar waya a karkace, ka juya faifan a hankali.

Autan Malam: Na gode Kawu. RVG na nan ɓaro-ɓaro. Kunnen ne ban gani ba. Amma ina ganin wankin da na yi musu ne ya goge shi.

Kawu Injiniya: Wanki? Da me?

Autan Malam: Garin sabulu da soso mai laushi, na shanya a inuwa. Ƙurar shekara ashirin ce fa Kawu, ba a ganin komai.

Kawu Injiniya: Innalillahi. Kunne a jikin robar yake, ko da toka ka dirje ba zai fita ba. In babu, babu. Abin da ka yi wa illa takardun tsakiya ne da layukan. Ruwan da aka tace ake sawa, kuma ba a bari ya taɓa takarda.

Maman Ihsan: Allah ya gafarta wa Baba. Ni ban san kunne ko hanci ba, amma ƙanena, an raba gadon kuwa? Ku nawa ne? Inna da 'yan'uwanka mata sun san da dubu 400 ɗin nan? Haka aka yi mana da keken ɗinkin mahaifiyarmu da shanunta biyu, babban wanmu ya ce ajiya yake yi, yau shekara goma sha ɗaya. In na yi magana a ce ba ni da kunya. Ko bikin 'yarsa ban je ba.

Autan Malam: Hajiya, adakar da za a ba 'yan gwangwani kyauta? Ba don ni ba da tuni an narkar da ita. Ba wanda ya damu da ita sai yanzu.

Ɗan Zongo: Ni daga Kumasi nake, shawarata ka sayar tun kafin ya canja ra'ayi. Wa zai saya a Zariya? Na taɓa aika guda huɗu ga wani a Jamus, wata biyu suna hanya, suka isa a kantare kamar faranti ya sha wuta. Na mayar masa da kuɗinsa, kuɗin aikawa kuma ya bi ruwa, kamfanin har yau ba su amsa mini ba. Kowa na duba farashi a Discogs, shafin cinikin fayafayai na intanet, ya hau lissafi, ya manta wancan farashin na mai kwali lafiyayye ne, ba wanda gara ta yi kalaci da shi ba.

Kawu Injiniya: Kada ka saurare shi. Dillalin da ya yi kuɗin goro ya hango wani abu a cikin tarin. Ko bugun Liberty mai RVG ba abin yarwa ba ne, da ƙarfen asali aka buga shi. Kuma tunda a Ingila Malam ya zauna, duba ko akwai masu tambarin Esquire. Su ne suka riƙa fitar da kayan kamfanin Prestige na Amurka a can, da yawansu za ka ga RVG a jiki. Na kamfanin Columbia na Amurka kuma ƙirga tambarin ido da ke takarda, mai ido shida ya girmi mai ido biyu. Rubuto mini lambobin duka 63.

Dattijon Sabon Gari: Injiniya, kai kullum kunne, kunne. Kunnenka na jiki fa? Ina da bugun Japan na kamfanin King, ba ƙara ba tsatsa, ya fi mini wani bugun farko da ya sha allurar garmaho mai nauyi. Yaro, ajiye na Blakey ɗin ko don Baba. Blakey ya musulunta har ya ɗauki suna Abdullah ibn Buhaina, wataƙila abin da ya ja hankalin Malam ke nan. Ka jera su a tsaye, kada ka ɗora wani kan wani, ka nisanta su da ɗakin kwano.

Kawu Injiniya: Ranka ya daɗe, ba daɗin sauti ya tambaya ba, kuɗi ya tambaya. Na Japan ko da ɗamarar takardar da ake ɗaura wa kwalinsa bai kama ƙafar na asali ba a kasuwa.

Autan Malam: Dattijo, ba ni da abin kunnawa ma. Kuma gaskiya na riga na karɓi kafin alƙalami dubu 50, na biya kuɗin makarantar yara. Dillalin yana da kirki, har gaisuwar rasuwa ya yi mini. Ni dai abin da nake so ku tabbatar mini shi ne ko kunnen kan ɓuya a wasu.

Maman Ihsan: Ka karɓi kuɗi? Inna ta sani?

Kawu Injiniya: Yakan fito dishi-dishi, amma ba ya ɓuya. Turo hoton filin nan, gaba da baya, da rana. Zoben fa, akwai ko babu? Tun ɗazu ba ka amsa ba.

Autan Malam: Akwai wani zobe, sai dai ban san ko ya kai zurfin da kuke nufi ba. Adakar tana gidan Yaya yanzu, shi ya kulle ɗakin. Zan gwada zuwa gobe in ya fita kasuwa.

Ɗan Zongo: Gobe Alhamis fa.