Sauya jarumi ko sauya halinsa: wanne ya fi ɓata wa mai kallo rai?

Mai Turi, Kafin Hausa:

Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon cajin waya da tura finafinai a bakin kasuwar garinmu, kuma wani abu ya faru da ya sa nake neman ra'ayin waɗanda suka fi ni sanin wannan harka. Wani matashi da ke kawo riɗi daga ƙauye ya nemi in tura masa fim ɗin Batman, sai na saka masa na 2022. Da kasuwa ta zagayo ya dawo ransa a ɓace, ya ce ba na gaskiyar na ba shi ba, domin ba wannan ne jarumin da ya sani ba, kuma fim ɗin ya cika duhu har ba ya iya ganin komai a wayarsa idan ya zauna hutawa a gindin bishiya da rana. Daga baya na ga a Facebook cewa su ma Turawan sun sha yin irin wannan rigima. Tambayata ita ce, mutumin da rabin fuskarsa a rufe take a yawancin fim, me ya sa sauya ɗan wasan da ke fitowa a matsayinsa yake tayar da ƙura haka?

Malamin Firamare, Ɗambatta:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Wannan ƙura ta girmi yawancinmu. Lokacin da aka zaɓi Michael Keaton ya fito a Batman na 1989, masoya littattafan zanen da labarin ya samo asali sun aika wa kamfanin Warner Bros. wasiƙun ƙin amincewa kimanin 50,000, saboda a finafinan barkwanci suka san shi. A 2006 aka sanar da cewa Heath Ledger ne zai fito a matsayin Joker, abokin gabar Batman, aka yi ta cewa bai dace da mugu ba, amma da fim ɗin ya fito a 2008, watanni bayan rasuwarsa, wasan da ya yi ne ya sa aka ba shi lambar yabo ta Oscar a 2009. Ben Affleck ya sha irin wannan suka a 2013 da aka zaɓe shi ya fito a matsayin Batman, Robert Pattinson kuma, wanda mai riɗinka ya ƙi, ya sha tasa a 2019. Dukkansu an yanke musu hukunci tun kafin a ga ko minti ɗaya na aikinsu.

Ni a ganina ba fuskar ake karewa ba, halin ake jin tsoron a taɓa. Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya ji tatsuniyar Gizo daga bakuna daban-daban: kaka tana da muryarta, inna tana da tata, kuma ba mu taɓa cewa wata ta kawo mana Gizon ƙarya ba. Amma da wata za ta ba mu labarin Gizon da ya tsinci abinci ya kai wa Ƙoƙi ba tare da ya ɓoye ko loma ɗaya ba, da a take yara za su ce ba shi ba ne. Abin da ya faru da Superman ke nan a 2013. Mutane da yawa sun yarda Henry Cavill ya dace da rigar, amma da aka nuna shi ya karya wuyan abokin gabarsa Zod bayan an ragargaza gari, sai waɗanda suka san shi a matsayin mai tausayi da kiyaye rai, jarumin da ake zana shi tun 1938, suka ce an sauya musu mutum. Wannan ƙorafin ya daɗe fiye da duk wanda aka yi a kan zaɓen ɗan wasa.

Uwar Biyu, Ringim:

Malam, na yarda da yawancin bayaninka, sai dai akwai inda fuskar kanta take zama amana. Chadwick Boseman ya rasu a watan Agustan 2020 yana da shekara 43, bayan ya yi shekara huɗu yana fama da kansar hanji ba tare da duniya ta sani ba, kuma a cikin waɗannan shekarun ya yi Black Panther na 2018. Kamfanin Marvel mai fim ɗin ya ƙi ɗora wani a matsayin T'Challa, sarkin da Boseman ya fito a matsayinsa, aka mayar da rasuwarsa ta zama rasuwar sarkin a fim na biyu da ya fito a 2022, ƙanwarsa Shuri ta gaje shi. Wasu sun yi ta kiran a kawo sabon ɗan wasa, suna cewa bai kamata yaran baƙar fata su rasa jaruminsu ba, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Amma ni da na kalli farkon fim ɗin tare da 'ya'yana, inda ake rakiyar gawa cikin fararen kaya, ban ji zan iya karɓar wata fuska a wannan lokacin ba. Na tuna kuma yadda suka yi tsit a fim na farko da suka ga an rubuta dajin Sambisa a kan allo. Ƙaramar ta juyo ta tambaye ni ko Sambisar da ake faɗa a rediyo ce.

Inda na fi jin zafi shi ne wajen raha. Na yi jinyar yayata wata bakwai kafin Allah Ya karɓi abarsa, saboda haka da na ga fim ɗin Thor na 2022, wanda jarumarsa ke fama da cutar kansa amma ana jefa zolaya kusan a kowace fitowa, sai na kashe wayar. Ba na ƙin dariya a fim. Abin da nake nema shi ne darakta ya san wurin da ake yin shiru.

Mai Gidan Kallo, Sumaila:

Allah Ya jiƙan yayarki, Hajiya, Ya ba ku haƙuri. Ni kuma zan ƙara abin da nake gani daga bayan benci. Yawancin masu shigowa wurina ba su taɓa riƙe littafin zanen nan ba, kuma da fassarar Hausa suke kallo, saboda haka muryar mai fassara ce jarumin a wurinsu. Idan mai fassarar ya cika shaguɓe da karin magana, fim mai nauyi ma sai ya koma na nishaɗi, kuma na sha ganin ana ƙyalƙyala dariya a wurin da jarumi yake kuka. Tsawo ma yana da nasa hukuncin. Batman na 2022 ya kusa awa uku, fim ɗin Justice League da darakta Zack Snyder ya sake fitarwa a 2021, bayan masoyansa sun shafe shekaru suna matsa lamba, ya kai awa huɗu, kuma mai sayen fetur na janareta dole ya yi wannan lissafin. Waɗanda suka nemi a fitar da shi kuwa, a gidajensu suka kalla, suna tsayarwa idan sun gaji. A wurina kuwa, kafin a yi rabi benci uku sun zama wayam, domin da asuba mutane za su gona.

Mai Turi, Kafin Hausa:

Na gode muku ƙwarai, Allah Ya saka da alheri, Ya kuma jiƙan wadda ta rasu. Na fahimci cewa ban tambayi yaron wane Batman ya sani ba, kuma ina kyautata zaton na Christian Bale ne, tunda ya ambaci mugu mai fenti a fuska da tabo a kumatu, wato Joker ɗin Heath Ledger. Ran kasuwa mai zuwa zan tura masa na 2008 ba tare da na karɓi kuɗinsa ba, in kuma roƙe shi kada ya goge na 2022 sai ya gwada kallonsa da daddare a cikin ɗaki.