"Ido, wa ka raina?": malamin kwaleji da dara a gindin darbejiya

Malamin Lissafi, ƙasar Ringim:
Assalamu alaikum jama'a. Wani abokin aikina ne ya jefe ni da karin magana, na ce bari in kawo ta nan: "Ido, wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe." Ina koyarwa a kwalejin ilimi, amma ban tare a birni ba, a ƙauyenmu nake zaune. In an yi la'asar ba abin da ya fi mini daɗi irin dara a gindin darbejiya: gurbi 30 a ƙasa, kowa da 'ya'yansa 12, wani da tsinke wani da tsakuwa. Abokan wasana manoma ne, da mai faci, da wani mahauci da muka yi firamare tare, sai wasu da na taɓa koyarwa. Shi abokin aikin nawa cewa ya yi malamin da ake gani a tsugune ana ce masa "na ci ka", kwarjininsa ya zube. Shin haka ake amfani da karin maganar nan?

Tsohon Hedimasta, Ɓaɓura:
Wa alaikumus salam. Malam, abokinka ya faɗa maka gaskiya ko da ba daɗi. Mu da aka watsa ƙauyuka lokacin UPE, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976, abin da manya suka fara ja mana kunne a kai shi ne kada a gan ka kana hira a teburin mai shayi, kada a gan ka kana cin tsire a tsaye. A wancan lokacin da ƙyar uba ke ba da ɗa a kai shi boko, sai mai unguwa ya matsa. Ranar da ya raina malami, washegari yaron yana gona. Kwarjini kayan aiki ne kamar alli.

'Yar Haɗeja:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ni ba haka na taso na ji ana faɗarta ba. Kakarmu takan faɗe ta ne in ta ga mun yi biris da kawunmu da ke gida kullum, wanda shi ke ɗauke da ɗawainiyarmu, amma in na Kano ya zo da tsaraba mu zube har ƙasa. Ke nan mai rainin ake yi wa faɗa, ba wanda ake gani ake cewa ya ɓuya ba. In da nufinta mutum ya janye jiki ne, ina za mu kai "zumunta a ƙafa take"?

Ɗan Maigatari:
Yaya ta kawo magana. A kasuwarmu ta Alhamis, dillalin da ake gani kowane mako shi ake damƙa wa raƙumi. Baƙon fuska ko da babbar riga ya zo, sai an nemi wanda ya san shi. Af, Malam, ba ka faɗa mana ba, tsakaninka da mahaucin wa ke cin wani?

Ɗalibin NCE (karatun shaidar malanta), ajin ƙarshe:
Allah gafarta Malam, a yi mini afuwa in sa baki cikin manya. Mu ɗalibai ba ruwanmu da mahauci ko mai faci. Inda matsalar take shi ne malami ya saba da ɗalibin da makinsa ke hannunsa. Ko bai ƙara masa komai ba, ranar da sakamako ya fito sai an ce abokin wasansa ne. Shi ma yaron sai ya fara ganin yana da alfarma, balle lokacin gwajin koyarwa da malami ke zuwa duba mu a aji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Malamin Lissafi, ƙasar Ringim:
Ɗan Maigatari, mahaucin ke cina, ba ma sa'annin juna ba ne a dara. Kuma shi ya sa na ƙi barin wurin. Mutumin nan bai wuce firamare ba, amma yana hango wasa uku a gaba, yana tare gurbin da zan jera uku tun kafin ni in gan shi. Yawancin ɗaliban da ke zuwa mana da tsoron lissafi suke zuwa, kuma su ne gobe za su koyar a firamare. Sai in zana musu gurabun dara a allo, layi 5 sau 6, in ce yaron da ya iya haƙa wannan ya riga ya san 30, aikinku ku nuna masa ya sani. A gindin bishiyar nan nake jin dalilin da aji ke zama fayau lokacin girbin riɗi da gyaɗa, abin da ba za ka ji a ofis ba. Can kowa "yallaɓai" yake ce maka, nan kuwa in ka yi shirme a take za a faɗa maka.

Ɗana ɗalibi, maganarka dutse. Duk wanda takardarsa ke zuwa hannuna ba na zama wasa da shi sai ya gama shekara 3 ɗinsa ya karɓi sakamako.

Baba kuma, ranka ya daɗe, ina ganin abin da ke jawo wa malamin yau raini ba dara ba ce. Bashin mai kanti ne in wata ya yi nisa, da sayar wa ɗalibai takardun darasi dole.

Tsohon Hedimasta, Ɓaɓura:
Wannan ta bashi ban musa ba, mun gani. 'Yata ta Haɗeja, kakarku ma ta yi daidai, ana faɗarta haka. Amma ban sauka daga tawa ba a kan waɗanda ka koyar, Malam. Yaron da ya zauna a ajinka, ko gwamna ya zama, bai kamata bakinsa ya iya ce maka "na ci ka" a gaban jama'a ba. Kai da mahauci kuwa ku je ku yi ta yi.