Kun taɓa miƙa wa yaro wayarku don ya yi shiru? Me kuka gani daga baya?

Maman Khalifa, Agege

Salamu alaikum iyaye. Wallahi tun jiya abin nan ya tsaya min a rai ko barcin kirki ban yi ba, shi ya sa na ce bari in kawo nan ko akwai wanda ya taɓa shiga irin halin. Yarona shekararsa shida, ba shi da waya, ban ma taɓa tunanin saya masa ba, tawa nake ba shi in zan ɗora girki ko in masu sayen atamfa sun taru min a ɗaki. Katun nake kunna masa in ci gaba da harkata. Jiya bayan magariba ina tuƙa tuwo sai na ji shirun ya yi yawa, na leƙo, yana ganina ya kife wayar a cinyarsa. Da na karɓa na duba, abin da na gani ko babba bai kamata ya kalla ba. Kuma ba shi ya nemo ba, ko rubutu bai gama iyawa ba. Wani marar tsoron Allah ne ya tura a guruf ɗin 'yan sari da nake ciki, wayar ta sauke da kanta ta ajiye cikin hotuna, ni rabona da buɗe guruf ɗin tun shekaranjiya. Kafin in yi tunani na zabga masa mari. Yanzu marin ne ya fi ci min rai, don yau da safe ko haɗa ido ya ƙi yi da ni, shayinsa ma a tsaye ya sha ya ɗauki jaka. Don Allah wanda ya taɓa ganin irin wannan ya faɗa min yadda ya yi.

Baban Hanifa, Mile 12

Wa alaikumus salam Maman Khalifa, Allah ya shirya mana su. Ni nawa ta wata fuskar ya zo amma dai tushen ɗaya ne. Ranar wata Asabar na tafi da 'yata kasuwa saboda mamanta ta je asibiti, motar albasa ta iso ana sauke kaya, na ba ta wayata tana gem a cikin rumfa. Shekararta takwas. Ashe wani ya kira, da Hausa tsaf, ya ce shi abokin babanta ne daga Kano, wai akwai wasu lambobi shida da suka shigo yanzu ta karanto masa zai turo min kuɗin kaya. Yarinya mai tarbiyya, an koya mata in babba ya yi magana ta amsa, ta karanta masa. Kafin la'asar an ɗauke min WhatsApp, ana bin mutanena ɗaya bayan ɗaya wai ina cikin matsala a turo dubu talatin zan mayar gobe. Mutum biyu sun tura, ɗaya ma ƙanin matata ne. Kwana uku ina kiran jama'a ina ba da haƙuri. Ban dake ta ba, me ta sani? Abin da na koya mata tun daga ranar shi ne duk wanda ya kira wayar Baba, ko ya ce shi Kawu ne, a ce masa bari in kai masa, shi ke nan. Sannan wani yaro ya sa min lambar sirri ta biyu a WhatsApp ɗin, wadda ko an samu lambobin da ake turowa sai an san ta kafin a shiga.

Maman Twins, Obalende

Hmm ni dai a gidana an gama magana, babu waya ga yaro sai ya gama sakandare. Mu da muka tashi babu ita mun mutu ne?

Maman Amira, Ijora

Anti Maman Twins Allah ya ƙara miki ƙarfin hali, amma ki zo gidan haya irin namu mai ɗaki goma sha biyu banɗaki biyu ki gani. Ni ban taɓa ba Amira waya ba, amma duk yamma yaran gidan kaf suna bakin baranda sun haɗa kai a kan wayar wani saurayi ɗan maƙwabta, da 'ya'yan Hausawa da na Yarbawa da na Inyamurai duk ɗaya. Ranar nan na ji tana wata waƙa tana wata irin rawa a gaban madubi, shekara biyar fa, da na tambaye ta ina ta gani ta ce a wayar yaya. To hana taki kaɗai bai isa ba. Sai da na je na samu uwar yaron muka yi magana ta fahimta, ita ma ashe abin na damunta, yanzu in zai kunna musu abu sai a tsakar gida inda manya ke zaune.

Malama Maman Sadiq, Idi-Araba

Maman Khalifa 'yar'uwa, ki saurare ni da kyau, don abin da zan faɗa ya faru a ɗakina ne ba labari aka ba ni ba, kuma shekara biyu ke nan amma har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

Akwai 'yar yayata da nake riƙo, lokacin tana da shekara tara. Ina koyarwa a islamiyya da yamma, in na dawo na gaji sai in bar mata wayata ta yi wani gem da ake gina gidaje ana sa wa 'yar tsana kaya. Ni a ganina wasan yara ne, ban san cewa a cikinsa ana hira da mutanen waje ba sam. Wajen wata biyu sai na lura ta canza, in ta riƙe wayar sai ta koma lungun gado, in na shigo ta yi firgigit, ga yawan tambayar yaushe zan fita. Wata rana da daddare bayan ta yi barci na zauna na bi abin a hankali. Wani ne yake mata magana, ya ce shi ma yaro ne ɗan shekara goma sha ɗaya, ya saya mata kayan ado na cikin gem ɗin, yana yaba mata, yana tambayarta makarantar da take, wa ke kai ta, in ta dawo wa ke gida. A saƙonnin ƙarshe ya fara cewa ta turo hotonta ba hijabi, kuma kar ta faɗa wa Anti don Anti za ta dake ta ta ƙwace wayar.

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta kashe min jiki, domin gaskiya ya faɗa. Da a ce ta zo ta gaya min a lokacin, dukan zan fara yi kafin in saurara. Mutumin bai san ni ba amma ya san halinmu, da tsoron bulalarmu yake rufe bakin 'ya'yanmu.

Da asuba bayan mun yi salla na jawo ta jikina na ce na ga hirar, ba ki yi laifi ba, shi ne mugu, kuma babba ne ba yaro ba. Ta fashe da kuka ta ce tun tuni take so ta faɗa min tana tsoro. Alhamdulillah ba ta tura hoton ba. Na ɗauki hoton duk hirar na ajiye kafin in toshe shi in kai ƙararsa a cikin gem ɗin, na kuma je makarantarsu na ce kar a sake ta ga kowa sai ni ko mijina, tunda ta riga ta faɗa masa sunan makarantar.

Saboda haka yau in Khalifa ya dawo ki ba shi haƙuri. E, uwa tana ba ɗa haƙuri, ba abin kunya ba ne. Ki ce masa abin da ya gani ba shi da kyau amma ba shi ya jawo ba, kuma duk ranar da ya sake ganin abin da ya tsorata shi ko ya ba shi kunya ya kawo miki da gudu, kin yi alkawari ba duka. Sai ki cika alkawarin, don sau ɗaya zai gwada ki.

Baban Hanifa, Mile 12

Innalillahi. Malama Allah ya saka da alheri, wallahi jikina ya yi sanyi. Yau zan duba gem ɗin da Hanifa take yi.

Abban Mu'azzam, Ikeja

Gyaran waya nake yi a Computer Village shekara goma sha ɗaya, kuma ina da yara uku, to bari in faɗi abin da na yi a gidana bayan ƙaramin ya taɓa danna wani talla a cikin gem ya tsinci kansa a shafin caca. Hajiya Maman Khalifa, naki mai sauƙi ne. Ki shiga setin na WhatsApp, wurin da aka rubuta Storage and data, ki kashe saukar da hoto da bidiyo kai tsaye, na data da na wayfai duka. Sai ki koma Chats ki kashe Media visibility, daga nan abin da aka tura a guruf ba zai riƙa bayyana cikin hotunan wayar ba. A wurin Privacy kuma akwai inda za ki hana baƙo jefa ki a guruf ba da izininki ba.

Abin da ya fi min amfani shi ne abin da ake kira App pinning a Android, yawanci yana ɓangaren tsaro na setin. Kin kunna wa yaro katun sai ki kafe manhajar, ba zai iya fita zuwa wani wuri ba sai da lambar sirrinki. Masu iPhone nasu sunansa Guided Access. Katun ɗin ma a YouTube Kids nake sa musu ba babban YouTube ba, na kashe wurin bincike, duk da shi ma ba a sakin jiki gaba ɗaya, nakan duba tarihin abin da suka kalla. In kuma yaro na da tasa wayar ko tablet, Family Link na Google kyauta ne, daga wayarka kake ƙayyade awa nawa zai yi, ƙarfe nawa za ta kulle da dare, kuma ba zai sauke komai ba sai ka amince.

Abu ɗaya da nake roƙon iyaye, ana kawo min waya a ce in buɗe wa yaro ɗan shekara tara TikTok ko Facebook a ƙara masa shekaru. Ƙa'idarsu shekara 13 ce mafi ƙaranci, in ka yi ƙarya ka sa 20 to ka gaya wa manhajar babba ne, abin manya za ta riƙa kawo masa, saƙon baƙi ma ya shigo. Ni na daina yi ko nawa za a biya. A Yulin 2024 kamfanin Meta da kansa ya sanar da rufe asusun Instagram kusan 63,000 daga Najeriya, na masu yaudarar mutane su turo hoton tsiraici sannan su ce a biya su ko su watsa. Mutanen nan ba a wata duniya suke ba.

Maman Nana, Ketu

Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma ni ma na yi wannan kuskuren. Kullum in mun taso daga aiki muka maƙale a go-silo, wani lokaci awa biyu a cikin danfo ga zafi, Nana na kuka mutane na kallona, sai in ciro waya. Tun tana wata goma. Ta kai in ba waya ba ta cin abinci. Alhali na san shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019, cewa ɗan ƙasa da shekara biyu kar a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana. Sanin daban yin daban. Sati biyu muka sha rigima kafin ta haƙura, yanzu ƙaramin littafin zane da fensir mai kala nake sakawa a jaka, da ɗan dabino.

Sannan don Allah, in abu ya kai irin na Malama har mutum ya nemi haɗuwa da yaro ko ya karɓi hoto, kar a rufe don gudun abin kunya. Gwamnatin Legas tana da hukuma ta musamman kan cin zarafi a gida da lalata, DSVA, suna karɓar ƙarar da ta shafi yara, kuma 767 ko 112 kiran gaggawa ne kyauta. Kar a goge hirar kafin a kai.

Maman Twins, Obalende

To na ji, kuma na karɓa. Yanzu na tuna direban da ke kai su makaranta yakan ba su wayarsa a mota. Gobe zan yi masa magana.

Maman Khalifa, Agege

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ya dawo ɗazu, na yi yadda Malama ta ce. Da farko shiru ya yi yana wasa da igiyar jakarsa, can sai ya ce Mama ai ba jiya kaɗai ba ne, ranar da muka je gidan suna ma ya gani, ya ji tsoro ya rufe. Sati uku ke nan fa yaron nan yana ɗauke da abin shi kaɗai. Na fita daga guruf ɗin bayan na yi wa mai kula da shi magana, na goge komai, na kashe saukarwar. Abban Mu'azzam, wancan na kafe manhajar ne na nema ban gani ba a tawa, Tecno ce, in na shigo Ikeja ranar Litinin zan biyo ta shagonka ka nuna min.