Bayas na amfilifaya mai kwalba: ina ganin "linzami" ce kalmar

Assalamu alaikum, iyayen gidana da abokan sana'a masu gyaran kayan sauti a Garwa da Marwa da Injamena. Tun da na fara haɗa amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) mai kwalbar tirayod guda ɗaya a bakin fita, wato kwalbar lantarki mai sassa uku a cikinta, katod da raga da faranti, nake neman kalmar Hausa da za ta maye abin da littattafan Faransanci ke kira polarizasiyon, na Ingilishi kuma bayas, domin almajiraina suna haddace kalmar ba tare da sun ga hoton abin a zuciyarsu ba.

Abin da ake nufi shi ne ƙarfin wutar da ake ɗora wa ragar da ke tsakanin katod (sashen da ke sakin ilektaron) da faranti (sashen da ke karɓarsu), ƙasa da na katod, domin ya ƙayyade yawan wutar da ke ratsa kwalbar tun kafin sauti ya shigo. Kwalbar 2A3 tana son volt 250 a faranti da volt 45 ƙasa da sifili a raga, sai miliamfiya 60 su ratsa ta, ta ba da wat 3.5 na sauti. Wanda ya yi lissafin volt 250 sau miliamfiya 60 zai ga zafin wat 15 ke nan, iyakar abin da farantinta ke iya ɗauka. Ita kuwa 300B, wadda kamfanin Western Electric ya fitar a 1938, da volt 350 a faranti da 74 ƙasa da sifili a raga tana ba da wat 7, kuma da sauran fili a gabanta.

Wani dattijo a sana'ar ya ba ni "ralanti", kamar na injin mota da ke aiki a tsaye ba a taka totur ba. Kalmar ta yi kusa ƙwarai, sai dai ralanti sakamako ne, wato miliamfiya 60 ɗin nan, ba volt 45 da suka haifar da su ba. "Saiti" kuma ta yi faɗi da yawa.

Shi ya sa na tsaya a kan linzami. Duk wanda ya kalli mahayan Lamiɗo ranar sallah ya san dokin da aka ja wa linzami fiye da kima ba ya sakin jiki, wanda aka sakar wa kuma ba a iya tsayar da shi. Haka kwalbar take: idan an ja da yawa, ɓari ɗaya na muryar yana yankewa, kuma babu kwalba ta biyu da za ta ɗauke shi; idan kuwa an saki, faranti ya yi ja, kwalba mai tsada ta mutu da ƙuruciyarta.

Kalmar tana karɓar rassan bayas guda biyu. Linzamin hannu shi ne wanda ake kawo wa wuta ta daban, a daidaita da mita. Linzamin katod kuwa rezisto ne (abin da ke rage gudun wuta), na om 750 ga 2A3, wanda ke ƙara ja da kansa idan wuta ta ƙaru, kuma shi na fi amincewa da shi a nan inda lantarki ke hawa da sauka.

An kuma kawo "ragama", amma a bakin mai koyo za ta riƙa cakuɗewa da raga. Malamaina na Injamena, me kuke ce wa almajiranku a shago?